MARIGAYI MALAM AMINU KANO, GATAN TALAKAWA

A yau muna so mu tuna wa masu karatu, musamman 'yan'uwanmu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, labarin wani bawan Allah wanda ya ƙare kwanakinsa wajen neman sauƙi ga talakawa, watau Malam Aminu Kano.

An haife shi a Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a kotun alƙali. Da ya gama Kwalejin Kaduna a 1942 sai ya koyar a Midil ta Bauchi, sa'an nan ya tafi Ingila ƙaro ilmi a 1946. Bayan komowarsa aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru, cikin Lardin Sakkwato na lokacin, wadda yanzu take Jihar Zamfara. A nan ya zauna kurkusa da manoma, ya ga nauyin haraji da ƙarancin magani a ƙauyuka. A 1950 ya ajiye aikin, ya shiga jam'iyyar NEPU, ya zama shugabanta a 1953.

Ra'ayinsa kuwa shi ne, ilmi da magani hakkin talaka ne a kan hukuma, gama da kuɗinsa ake tafiyad da mulki. Ya sha wuya a kan wannan, magoya bayansa da yawa sun sha ɗauri, amma bai juya baya ba. A 1959 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Ikko. Janar Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa a 1967, sa'an nan ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1971 zuwa 1974. Ya karɓi wannan aiki a mawuyacin lokaci, ƙasa ba ta daɗe da fita yaƙin basasa ba, ga kuma annobar amai da gudawa tana cin jama'a.

A 1979 gwamnonin jam'iyyarsa ta PRP suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, bai bar wata dukiya ba sai gidansa na Gwammaja. Asibitin koyarwa da aka kafa a Kano a 1988 sunansa yake ɗauke da shi.

To, jama'a, aikin da ya fara bai ƙare ba. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara a Shinkafi da Zurmi, ta tarar wajen ɗaya cikin huɗu na ƙananan yara suna fama da tamowa. Muna roƙon shugabanninmu su dubi wannan da idon rahama, gama girmama Malam ba a sa sunansa a jikin gini kaɗai yake ba, sai ranar da uwa ta kai ɗanta ɗakin magani ta sami likita da magani.

Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu ƙarshe, amin.