Joseph Eckhel: Malamin da ya raba tsabar zinaren Rumawa da jabu

Duk mai ciniki a kasuwannin Magarya da Dungas ya san dala, wato sefa biyar. Sunan ya samo asali ne daga tsohon kuɗin azurfa na Turai, irin mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wanda fatake suka riƙa kawowa Damagaram da Kano a ƙarni na 19. Wannan sarauniyar ce ta damƙa wa Joseph Eckhel taskar tsoffin kuɗaɗen masarautarta.

An haifi Eckhel a Enzesfeld, a ƙasar Ostiriya, a 1737. Tun yana matashi ya shiga ƙungiyar limaman Katolika ta Jesuit, ya koyar da adabi, daga baya hankalinsa ya koma kan tsoffin kuɗaɗe. Ya je Italiya, inda ya tsara taskar kuɗin fadar Florence. Da Fafaroma ya rusa ƙungiyarsu a 1773, sarauniyar ta ba shi kula da taskar Vienna da koyarwa a jami'ar birnin.

A zamanin, masu hannu da shuni na zuba dukiya wajen tara zinaren sarakunan Rum, maƙera kuma na buga jabu. Wasu littattafai ma, kamar na Hubert Goltzius na ƙarni na 16, sun zana tsabar da ba a taɓa bugawa ba, masana tarihi suna kafa hujja da su. Eckhel ya yi watsi da irin waɗannan. Ya dogara ga tsabar da aka gani aka bincika: ƙarfenta, nauyinta, rubutunta da muƙaman sarkin da ke kanta, waɗanda ke nuna shekarar bugu.

Nauyi kaɗai kan tona asiri. Zinaren zamanin Augustus ya kai kusan giram 8, shi kuwa wanda Constantine ya fito da shi giram 4.5 ne.

Eckhel ya tattara aikinsa a Doctrina Numorum Veterum, juzu'i 8, daga 1792 zuwa 1798. Huɗu na ƙarshe kan kuɗin Rum ne. Ya rasu a Vienna ranar 16 ga Mayu, 1798, a shekarar da juzu'in ƙarshe ya fito. Har yau gidajen tarihi na jera tsoffin kuɗaɗen Girka bisa tsarin ƙasa-ƙasa da ya shimfiɗa.