Malam Aminu Kano, Malamin Maru

A wannan fitowa ta zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu tuna da mutumin da ya tsaya kai da fata sai macen Arewa ta jefa ƙuri'a. Da yawanmu ba mu san ya taɓa zama maƙwabcinmu ba. A ƙarshen shekarun 1940 Malam Aminu Kano yana koyarwa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, nan kusa da mu, kuma daga can ne ya ajiye alli a 1950 ya faɗa siyasa.

An haife shi a Kano a 1920. Mahaifiyarsa Rakiya malama ce, da laƙabinta Mambayya ake kiran gidansa na Gwammaja har yau. A NEPU ya yaƙi zaluncin haraji da aikin tilas, magoya bayansa suka sha ɗauri da bulala, har mata irin su Hajiya Gambo Sawaba. Matan Kudu suna zaɓe tun kafin samun 'yanci, amma iyayenmu sai 1976 suka fara a ƙananan hukumomi, sannan babban zaɓen 1979.

A zaɓen nan Shagari ya ci shugabancin ƙasa, PRP ta Malam kuwa ta kawo gwamnoni biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna. To, nan fa aka samu matsala. Gwamnonin suka riƙa zama da takwarorinsu na UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi ji, aka kore su. Jam'iyya ta dare biyu: 'yan Taɓo na wajen Malam, 'yan Santsi na wajen gwamnoni. Abin takaicin, duk almajiransa ne, kowane ɓangare yana rantsuwa shi ke kan aƙidar Malam. Kwarjininsa ya tara jama'a, amma da mulki ya shigo hannu bai isa ya riƙe su ba. Gabar ta shiga har cikin gidaje, wa da ƙane suka daina gaisawa. A 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe, Rimi kuma daga baya ya koma NPP.

Duk da wannan rikici, da zaɓen 1983 ya ƙarato Malam ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa. Bai ga zaɓen ba. Allah ya karɓi abinsa ranar 17 ga Afrilu, 1983, saura wata huɗu a jefa ƙuri'a. Allah ya jiƙansa da rahama.