Sarki Usman Nagogo: Mahayin Da Ya Bar Wa Zuriyarsa Suna A Filin Ƙwallon Dawaki

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon wasan ƙwallon dawaki a filin Guards da ke Abuja, ya kuma saurari hirar dattawan wasan, da wuya ya tashi bai ji an ambaci gidan sarautar Katsina ba. Kabir Usman da Hassan Usman Katsina sunaye ne da suka daɗe a bakin masu sha'awar folo. Usman ɗin da ke maƙale a sunayensu kuwa mutum ɗaya ne: mahaifinsu, Sarkin Katsina Alhaji Sir Usman Nagogo.

An haifi Usman Nagogo a Katsina a shekarar 1905. Shekara guda bayan haka Turawan mulkin mallaka suka ɗora mahaifinsa, Muhammadu Dikko, a gadon sarauta, inda mulkin Sulluɓawa ya soma. Dikko mutum ne mai son dawaki matuƙa. A lokacin, folo wasa ne na hafsoshin Turawa, waɗanda suka fara buga shi a Legas a 1904, daga baya ya iso Kaduna. Dikko ya ziyarci Ingila a 1921, kuma a farkon shekarun 1920 ya kafa wasan a Katsina, ya sa 'ya'yansa da mutanen fadarsa suka koya.

Abin bai zo wa Katsinawa baƙo ba. Ƙasar da ta saba da hawan sallah da sukuwa ba ta rasa mahaya ba. Abin da ya rage shi ne ƙa'ida. A folo mutum huɗu ne a kowane ɓangare, ana riƙe sanda da hannun dama kawai, kowane zagaye kuma minti bakwai ne na gudu ba sassauci, har sai an sauya doki. Akwai kuma ma'aunin gwaninta da ake ba kowane ɗan wasa, wanda ƙololuwarsa ita ce maki 10. Ba a gadon wannan maki, ba a kuma naɗa shi kamar rawani. Abin da mahayi ya nuna a fili shi ake aunawa.

A nan ne Nagogo ya yi fice. Masu tarihin wasan sun rubuta cewa ya kai maki 7, matsayin da ya sa ake lissafa shi cikin gwanayen da Afirka ta taɓa fitarwa. A zamanin da ake kallon ɗan ƙasa a matsayin mai riƙe linzami ko mai yankan ciyawa, ga ɗan sarki Bakatsine yana karawa da hafsoshin Ingila a wasansu, yana kuma rinjayar su. Ƙungiyar Katsina ta zama abin tsoro a gasar kofin Georgian ta Kaduna, wadda ita ce mafi daraja a ƙasar. Daga bisani aka ba shi shugabancin Ƙungiyar Folo ta Nijeriya na tsawon rayuwarsa.

Wasa bai ɗauke masa hankali daga aiki ba. Ya shugabanci 'yan dokan En'e ta Katsina, sannan ya riƙe sarautar Magajin Gari, wadda ta ɗora masa kula da birnin. Da Dikko ya rasu a 1944, shi ya gaje shi. Ya yi shekara 37 a kan karaga, ya ga ƙarshen mulkin Turawa, da samun 'yanci a 1960, da juyin mulkin 1966, da yaƙin basasa. A kan idonsa aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage sauran ikon da ya saura. Ikon da ya tarar lokacin naɗinsa ba shi ya bari ba, amma martabarsa ba ta ragu tare da ikon ba.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗansa Hassan, wanda aka haifa a 1933, ya yi karatun soja a Sandhurst, ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, sannan Babban Hafsan Sojojin Ƙasa a 1968. Duk da nauyin waɗannan muƙamai, bai rabu da sirdi ba, kuma ya kasance cikin jagororin wasan har rasuwarsa a 1995. Yayansa Muhammadu Kabir, haihuwar 1928, shi ma ya yi suna a fili kafin ya gaji sarauta, ya kuma riƙe al'adar gasar Katsina har ya rasu a 2008. Kowannensu ya tarar da doki da suna a gida, amma makinsa shi ya nema da guminsa.

Nagogo ya rasu ranar 18 ga Maris, 1981, shekara goma kafin gwamnatin tarayya ta tare a Abuja. Bai ga birnin ya cika ba, amma wasan da gidansu ya raina ya biyo hafsoshi da manyan ma'aikata zuwa cikinsa. A Katsina kuwa, filin folo na ɗauke da sunansa, babban filin wasanni na ɗauke da sunan mahaifinsa, kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar kuma na ɗauke da sunan Hassan.

A birnin da muƙami ke zuwa da takarda ya kuma tafi da takarda, rayuwar Nagogo na da abin lura. Dokoki sun karɓe kotunsa da 'yan dokarsa. Abin da ya koya da hannunsa, ya kuma koyar a gidansa, shi ne ya wanzu bayansa. Allah Ya jiƙansa da rahama.