Will Thorne: Lebura da ya tambayi wa zai ci ribar na'ura

A yau an san unguwar Stratford da ke gabashin Landan da filin wasannin Olympics na 2012 da cibiyoyin fasahar zamani da suka biyo baya. Sai dai a tsohon zauren majalisar West Ham da ke tsakiyar unguwar, wanda aka buɗe a 1869, an taɓa yin wani kansila, daga baya magajin gari, da ya shafe rayuwarsa kan tambayar da ƙirƙirarriyar basira ta sake tayarwa a wannan zamani: idan na'ura ta shigo wurin aiki, wa zai ci ribarta, wa kuma zai ɗauki wahalarta? Sunansa Will Thorne.

Yaro mai juya igiya

An haifi William James Thorne ranar 8 ga Oktoban 1857 a Hockley da ke birnin Birmingham, a gidan talakawa masu aikin bulo. Yana da shekara shida ya fara aiki wurin wani mai tufka igiya, inda yake juya masa wili tun daga ƙarfe shida na safe har shida na yamma, a kan sule biyu da sisi a mako. Da maigidan ya rage masa kuɗi, sai yaron ya ajiye aikin, abin da daga baya yake ɗauka a matsayin yajin aikinsa na farko.

Mahaifinsa ya rasu sakamakon wani faɗa yana ɗan shekara bakwai, ya bar mahaifiyarsa da yara ƙanana. Zancen makaranta bai taso ba. Ya yi aiki a wurin yin bulo da masana'antun ƙarfe, kuma ya girma da ƙyar yake iya karatu da rubutu.

Mutumin ƙarfe

A farkon shekarun 1880 ya koma Landan da iyalinsa, ya samu aiki a masana'antar iskar gas ta Beckton, wadda ke cikin mafi girma a duniya a lokacin. Da wannan iska ake kunna fitilun tituna da gidajen birnin. Aikin Thorne shi ne zuba kwal da shebur cikin tanderu mai tsananin zafi, sannan ya janyo abin da ya ƙone. Awa 12 ake yi kowace rana, kuma a ƙarshen mako, lokacin da masu dare da masu rana ke musanya, mutum kan kai awa 18 a bakin wuta. Da bazara ta zo buƙatar haske ta ragu, sai a sallami da yawa.

Cikin wannan hali kamfanin ya shigo da wata na'ura mai zuba kwal da kwashe shi, wadda leburori suka laƙaba wa suna mutumin ƙarfe. A zahiri ta zo ne ta rage wa ɗan Adam wahala, amma abin da ya faru akasin haka ne. Ta rage yawan hannun da ake buƙata, sauran kuma dole su bi saurinta. Tana yawan lalacewa, kuma duk lokacin da aka ɓata wajen gyaranta, ma'aikata ne ke ramawa da guminsu. Riba ta tafi wani waje, gajiya ta tsaya a wani.

Thorne bai bi hanyar masaƙan Ingila da suka riƙa farfasa injina tsakanin 1811 da 1816 ba. A ganinsa matsalar tana ga wanda ke da iko da na'urar da kuma yadda ake raba amfaninta. Tun 1884 ya shiga ƙungiyar 'yan gurguzu ta Social Democratic Federation, inda ya haɗu da Eleanor Marx, 'yar Karl Marx, wadda ta taimaka masa ya inganta karatunsa da rubutunsa.

Awa takwas

Ranar 31 ga Maris na 1889, Thorne ya yi jawabi ga wani taro a Canning Town, inda aka kafa ƙungiyar ma'aikatan gas da leburori. Kimanin mutum 800 suka shiga a ranar, kuma cikin watanni adadin ya kai kusan 20,000. A wancan zamani ƙungiyoyin ƙwadago na masu sana'ar hannu ne, sun ɗauki lebura a matsayin wanda ba zai iya haɗa kai ba, tunda ana iya maye gurbinsa kowace safiya.

Abin da ƙungiyar ta sa a gaba shi ne lokaci. Ta nemi a mayar da aikin awa 12 zuwa awa takwas ba tare da rage albashi ba, wato a raba yini uku maimakon biyu. Hikimar ita ce ma'aikaci ya samu hutu, marasa aiki kuma su samu gurbi a rukuni na uku. Cikin wannan shekarar kamfanonin gas na Landan suka amince ba tare da an yi yajin aiki ba. Nasarar ta ƙarfafa wa leburorin tashar jiragen ruwa gwiwa, suka yi babban yajin aikinsu a watan Agusta, Thorne na cikin masu taimaka musu.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A ƙarshen 1889 kamfanin South Metropolitan, ƙarƙashin George Livesey, ya karya yajin aikin ƙungiyar ta hanyar ɗauko sababbin ma'aikata, asusunta ya kusa ƙarewa. Amma a 1890 ta yi nasara a Leeds, har Friedrich Engels ya ba Thorne kyautar littafin Marx kan jari.

Daga tanderu zuwa majalisa

Kayen da aka sha ya koya masa cewa abin da aka samu a bakin masana'anta ana iya ƙwace shi idan babu doka a bayansa. A 1891 aka zaɓe shi kansila a West Ham. A 1898 majalisar da ke zama a Stratford ta zama ta farko a Ingila da wakilan ma'aikata suka mamaye, ta rage wa ma'aikatanta lokacin aiki, ta kuma tsayar musu da mafi ƙarancin albashi. Thorne ya shiga majalisar dokokin Birtaniya a 1906, ya zauna har 1945, kuma ya riƙe muƙamin magajin garin West Ham daga 1917 zuwa 1918.

Bai tsira daga suka ba. Goyon bayan da ya bai wa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da wasu tsofaffin abokan gwagwarmaya, kuma ɗansa na cikin waɗanda suka mutu a fagen daga. Matasan 'yan ƙwadago sun zarge shi da yin sanyi bayan ya tsufa. Ya sauka daga shugabancin ƙungiyar a 1934, bayan shekara 45, ya kuma rasu ranar 2 ga Janairun 1946 a Plaistow, kusa da Stratford.

Gadon da ya bari

Ƙungiyarsa, bayan haɗewa da wasu a 1924, ita ce tushen GMB ta yau, kuma rigimar da take yi ba ta yi nisa da ta Beckton ba. Yanzu manhaja ce ke raba aiki, ta auna saurin ma'aikaci, ta yanke masa kuɗi, wani lokaci ma ta dakatar da shi ba tare da ya ga fuskar kowa ba. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukuncin cewa direbobin Uber ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu, kuma a watan Mayu kamfanin ya amince da GMB ta wakilce su. A Janairun 2023 mambobinta suka yi yajin aiki a rumbun Amazon da ke Coventry, na farko a tarihin kamfanin a ƙasar. Direbobin Bolt da Uber a Najeriya ma sun kafa tasu ƙungiyar.

A farkon 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya yi ƙiyasin cewa ƙirƙirarriyar basira za ta shafi kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya. Wannan karon har da akawu da mai fassara da lauya, mutanen da mutumin ƙarfe bai taɓa yi wa barazana ba. Amsar da Thorne ya bayar a 1889 ita ce lokacin da na'ura ta rage a raba shi da waɗanda ke aiki kusa da ita, kuma ya samu hakan ne da mutum 800 da suka yarda su tsaya tare.