Abul Ƙasim Az-Zahrawi: likitan Andalus da ya rubuta yadda ake tiyatar fatar ido

Mutane da yawa suna ɗaukar tiyatar fatar ido a matsayin sabon abu, ko kuma kwalliyar masu hannu da shuni. Alhali sama da shekara 1,000 ke nan da wani likita Musulmi ya zauna ya rubuta yadda ake ɗage fatar idon da ta saki, da yadda ake cire kitsen da ya kumbura ta, har da zanen kayan aikin. Sunansa Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas Az-Zahrawi, Turawa kuma suna kiran sa Albukasis.

An haife shi wajajen shekarar 936 miladiyya a Andalus, wato kudancin Sifaniya ta yau. Laƙabinsa ya samo asali ne daga Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina a yamma da Ƙurɗuba. A wannan yanki ya yi karatu, ya yi aiki, ya koyar, kuma masu tarihi suna danganta shi da fadar Halifa Al-Hakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976 kuma ya shahara da tara littattafai. Ibn Hazm, malamin nan na Ƙurɗuba, ya lissafa shi cikin manyan likitocin Andalus.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne littafinsa, At-Tasrif, mai kashi 30, wanda ya kammala wajajen shekarar 1000 bayan ya daɗe yana duba marasa lafiya. Kashi na ƙarshe shi ne na tiyata, kuma a ciki ya zana kayan aiki kusan 200: wuƙaƙe, ƙugiyoyi, almakasai, hantsuka da ƙarafan lalas. A gabatarwar wannan kashi ya koka cewa tiyata ta kusa mutuwa a ƙasarsu, domin masu yin ta ba su san yadda jikin ɗan Adam yake a ƙarƙashin fata ba. Ya ba da labarin wani da ya tsaga kumburi a wuyan wata mata, ya yanke jijiyar jini, ta mutu a hannunsa. Ɗalibansa kuwa ’ya’yansa yake kiran su.

A kan fatar ido kaɗai ya ware babi da dama. Ga wadda ta saki, ya kawo lalas da ƙarfe mai siffar jinjirin wata, don tabon ya tattare fatar ta ɗaga. Ga wanda gashin idonsa ya juya ciki yana sukar ƙwayar ido, ya kawo aikin da ya kira tashmiri, wato naɗe fatar kamar yadda ake naɗe hannun riga. Likita zai ɗora kan mara lafiya a cinyarsa, ya zana siffar ganye siriri mai tsini biyu a kan fatar da tawada, irin siffar ganyen lalle, ya ɗago wurin da ƙugiyoyi ko zare, ya yanke, sannan ya ɗinke bakin biyu. Akwai kuma hanyar da ba a sa wuƙa: a matse rarar fatar tsakanin ’yan sanduna biyu sirara, a ɗaure bakinsu, a bar ta kwanaki har ta mutu ta faɗi da kanta. Duk wannan babu allurar kashe zafi irin ta yau.

Abin da ya fi jan hankalin likitan ido a nan shi ne zanen tawadar. Har gobe, kafin a taɓa wuƙa a wannan aiki, sai an auna an zana, kuma siffar zanen ba ta canza sosai ba. Az-Zahrawi ya ja kunnen ɗalibai cewa girman abin da za a yanke ya danganta da yadda fatar kowane mutum ta saki, domin mutane sun bambanta. Dalilin jan kunnen yana cikin wani babin da ke gaba, inda ya yi bayanin idon da ba ya rufuwa, wanda magabata suka kira idon zomo (mu ma muna da barcin zomo a Hausa). Ya nuna cewa tabon rauni ko na yanka ko na lalas na iya jawo shi. Idon da ba ya rufuwa bushewa yake yi, baƙin ido ya yi gyambo, gani ya tafi. Wannan ita ce matsalar da likitoci suka fi gudu a tiyatar fatar ido har yanzu.

Ya kuma yi bayanin wani kitse da ke taruwa a fatar ido ta sama, wanda ya kira sharnaƙ, ya ce ya fi samun yara, yana nauyaya musu ido har ba sa iya kallon rana. Maganinsa a wurinsa shi ne a yi ɗan tsagi mara zurfi, a jawo kitsen a hankali da yatsu naɗe da ƙyalle, tare da kiyaye kada wuƙa ta zarce ta sami ƙwayar ido.

Ba duk abin da ya rubuta ne nasa ba. Ya ɗebo da yawa daga likitan Girka Bulus na Ajina, wanda ya rayu a ƙarni na bakwai, ya gyara, ya ƙara da abin da ya gani da idonsa. Kuma ba duk abin da ya kawo ne ya tsaya ba. An daina lalas a fatar ido, haka ma maganin ƙuna da ya haɗa da sabulu da farar ƙasa, domin tabon da suke bari ba ya aunuwa. Duk wanda ya ce zai sa wa fatar ido wuta ko reza a gida ko a kasuwa, kada a yarda.

Babban abin da zamaninsa bai kai gare shi ba shi ne musabbabi. Yanzu an san akwai wani ɗan nama da ke ɗaga fatar ido ta sama, kuma idan shi ne ya raunana, ko saboda shekaru ko tun haihuwa, yanke fata ba ya magance komai, sai an gyara naman ko an rataya fatar da naman goshi. Yaron da fatar ta rufe masa tsakiyar ido bai kamata a jira ya girma ba, domin idon da bai saba gani tun yana ƙarami ba zai iya zama rarrauna har abada. Idan kuwa fatar ta faɗo farat ɗaya, tare da ciwon kai mai tsanani ko gani biyu-biyu, to a garzaya asibiti a ranar, domin yana iya zama matsalar jijiya ko ta jijiyar jini a cikin kai. Kumburin fatar ido da safe, musamman tare da kumburin ƙafa, yana iya fitowa daga ƙoda, kuma wannan ba na wuƙa ba ne. Juyewar gashin ido kuma, a ƙasar Hausa, galibi sakamakon amodari ne da aka yi ta fama da shi tun yarinta. Tsige gashin da matsefata sauƙi ne na ’yan kwanaki. Aikin da ake yi yanzu shi ne a tsaga ƙaƙƙarfan ɓangaren fatar a juyo bakinta waje, kuma ba ya buƙatar kwanciya a asibiti. Mazauna Kakuri, Barnawa, Narayi ko Sabon Tasha za su iya fara ganin likita a asibiti mafi kusa, a tura su Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke tsallaken kogi idan akwai buƙata.

Littafin ya yi nisan da marubucinsa bai yi ba. A ƙarni na 12 Jerad na Kiremona ya fassara kashin tiyata zuwa Latin a birnin Toledo, ya zama abin karatu a makarantun likitanci na Turai tsawon ɗaruruwan shekaru. Likitan Faransa Gi do Sholiyak ya ambace shi sau da yawa a littafinsa na 1363, likitan Turkiyya Sharafuddin Sabunju’oglu ya gina nasa littafin a kansa a 1465, an kuma buga fassarar Ingilishi tare da asalin Larabcin a 1973.

Az-Zahrawi ya rasu wajajen 1013, ’yan shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa ya rushe Madinatuz Zahra. Kangon birnin yana nan, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2018. A tsohon garin Ƙurɗuba akwai wani titi mai ɗauke da sunan Albukasis.