Marcus Garvey: jagoran baƙar fata da Amurka ta kora saboda baƙo ne

A watan Disamba na 1927 jami'an shige da fice na Amurka suka raka Marcus Garvey tashar jiragen ruwa ta New Orleans, suka tasa ƙeyarsa zuwa Jamaika, ƙasar haihuwarsa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Amurka, ya kafa ƙungiyar baƙar fata da ta fi kowace yawan mabiya a zamaninsa, amma a wurin doka yana nan baƙo kamar ranar da ya sauka. Bai sake taka ƙasar ba har ya bar duniya.

An haife shi a 1887 a garin St. Ann's Bay, lokacin Jamaika tana hannun Turawan Ingila. Ya koyi aikin ɗab'i, ya je ci-rani Amurka ta Tsakiya, ya zauna Landan, sannan ya koma gida a 1914 ya kafa ƙungiyar ɗaukaka baƙar fata wadda aka sani da UNIA. A watan Maris na 1916 ya sauka New York ya zauna unguwar Harlem. Nan ne tauraronsa ya haska. Ya fito da jaridar Negro World a 1918, wadda daga baya ta samu shafukan Faransanci da na Sifaniyanci, kuma Turawan mulkin mallaka suka haramta ta a wurare da dama na Afirka. A 1919 ya kafa kamfanin jiragen ruwa na Black Star Line, yana sayar wa talakawa hannun jari ɗaya a kan dala 5, da burin haɗa baƙar fatar Amurka da Afirka ta hanyar ciniki.

Lokacin bai yi wa baƙi daɗi ba. Bayan yaƙin duniya na ɗaya gwamnati ta shiga farautar baƙin da take ganin ƴan tayar da zaune tsaye ne, har a Disamba na 1919 aka loda mutum 249 a jirgin ruwa guda aka nufi Rasha da su. Cikin masu shirya wannan aiki akwai wani matashin jami'in ma'aikatar shari'a, J. Edgar Hoover, wanda daga baya ya shugabanci hukumar FBI. Tun watan Oktoba na shekarar ya rubuta takardar cikin gida yana nuna takaicinsa cewa Garvey bai karya wata dokar tarayya da za a kama a kore shi ba, ya kuma nuna cewa harkar kamfanin jiragen ce ya kamata a sa wa ido. Wato an riga an yanke shawarar korarsa, hujja ce kawai ake nema. Aka cusa masu leƙen asiri cikin ƙungiyar aka zauna jira.

Garvey da kansa ya kusa sauƙaƙa musu aikin. A Fabrairu na 1921 ya fita rangadin neman kuɗi zuwa Kiyuba da Jamaika da Amurka ta Tsakiya, da niyyar yin ƴan makonni. A 1916 da ya fara shiga ba a neman biza, amma yaƙi ya kawo tsarin kuma ya zauna. Ma'aikatar harkokin waje ta umarci ofisoshin jakadancinta su hana shi bizar komawa. Haka ya yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan, kamfaninsa na can yana nitsewa cikin bashi, sai a watan Yuli lauyansa ya samo masa izini. Fitar da baƙon da ke cikin ƙasa tana bukatar doka da zaman sauraro. Hana wanda ya fita dawowa kuwa sa hannun jami'i ɗaya ya isa.

Bayan wannan tsoratarwa ne ya shigar da takardar farko ta neman zama ɗan ƙasa, a cikin 1921. Ya makara. Doka ta ce sai an shekara biyu da takardar farko kafin a nemi ta ƙarshe, shi kuwa a Janairu na 1922 aka kama shi da tuhumar damfara ta hanyar gidan waya. Zargin shi ne kamfanin ya aika takardun tallar hannun jari ɗauke da hoton jirgin da bai riga ya mallaka ba.

Gaskiya kamfanin ya sha rashin iya gudanarwa. An sayi tsofaffin jirage da tsada, kuɗin talakawa ya salwanta, kuma Garvey ba mai jin shawara ba ne. A shari'ar 1923 ya sallami lauyansa ya tsaya kare kansa, abin da ya ƙara dagula masa lamari. Duk da haka hujjar da aka kama shi da ita ba ta taka kara ta karya ba, domin ambulan ce da babu komai a cikinta. An wanke mutum uku da aka gurfanar tare da shi, shi kaɗai aka yanke wa ɗaurin shekara biyar da tarar dala 1,000. Abin takaici, wasu jagororin baƙar fata haifaffun Amurka, waɗanda ganawarsa da wani shugaban ƙungiyar Ku Klux Klan a 1922 ta fusata, sun rubuta wa ministan shari'a suna neman a gaggauta hukunta shi, wasunsu kuma suna ta goranta masa baƙunci.

Ɗaukaka ƙara ba ta yi nasara ba, ya shiga kurkukun Atlanta a Fabrairu na 1925. A nan dokar shige da fice ta 1917 ta yi aikinta. Ta tanadi korar duk baƙon da aka ɗaure shekara ɗaya ko fiye a kan laifin rashin gaskiya da ya aikata cikin shekara biyar da shigowarsa. Da ɗan ƙasa ne, da ya gama zaman kaso ya koma Harlem ya ci gaba da harkarsa. Matarsa Amy Jacques ta jagoranci neman sassauci, Shugaba Calvin Coolidge ya rage masa wa'adi a Nuwamba na 1927, amma daga ƙofar kurkuku sai bakin teku. Ko New York ba a bari ya leƙa ya kintsa kayansa ba.

Ƙungiyar ta rarrabu bayan tafiyarsa. Ya gwada siyasa a Jamaika ba ta karɓe shi ba, ya koma Landan a 1935. In yana son ganin mabiyansa na Amurka sai ya kira taro a Toronto ta Kanada, su ƙetaro iyaka su same shi. Afirkar da ya ƙare rayuwarsa yana kira a kanta bai taɓa ganin ta ba. Ko Laberiya, wadda ya sa rai za ta ba mutanensa filin zama, a 1924 ta hana ƴan ƙungiyar biza ta kuma mayar da wakilan da ya tura. Ya mutu a Landan ranar 10 ga Yuni, 1940, yana da shekara 52.

Kwame Nkrumah na cikin waɗanda tunanin Garvey ya yi wa tasiri sosai, kuma baƙin tauraron da ke tutar Ghana ana danganta shi da sunan kamfanin jiragen nan. Sai dai wannan Ghanar ce, ƴan watanni bayan samun ƴancin kai a 1957, ta yi dokar korar baƙi ta kuma tasa ƙeyar manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Othman Larden, zuwa Najeriya. Da suka je kotu suna cewa su ƴan ƙasa ne, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu ta kashe shari'ar.

A 1964 aka ɗauko gawar Garvey daga Landan aka sake binne ta a Kingston, Jamaika ta naɗa shi gwarzonta na farko. Iyalinsa suka ci gaba da neman a wanke sunansa, sai a ranar 19 ga Janairu, 2025, kwana ɗaya kafin ya sauka daga mulki, Shugaba Joe Biden ya sa hannu a takardar yi masa afuwa, shekara 97 bayan jirgin ya bar New Orleans.