Johnny Cash: Mawaƙin Amurka da ya kai waƙa gidan kaso

Ranar 13 ga Janairun 1968, Johnny Cash ya shiga gidan kason Folsom da ke jihar Kalifoniya da gitarsa, ya yi wasa sau biyu a gaban fursunoni. Faifan da aka ɗauka a wurin ya farfaɗo da sunansa, a lokacin da shan ƙwaya ya kusa durƙusar da shi.

An haifi Cash ranar 26 ga Fabrairun 1932 a jihar Arkansas, cikin gidan talakawa manoman auduga. A gona ya tashi, yana jin waƙoƙin coci daga bakin mahaifiyarsa. Yana da shekara 12 wansa Jack ya rasu bayan injin yanka katako ya ji masa rauni, mutuwar da ba ta bar zuciyarsa ba har tsufa.

Bayan ya gama aikin sojan sama a Jamus, ya nufi kamfanin Sun Records a birnin Memphis da niyyar rera waƙoƙin addini. Mai kamfanin, Sam Phillips, ya ga ba za su yi kasuwa ba, don haka Cash ya fara da waƙoƙin duniya a 1955. Da ya koma kamfanin Columbia a 1958, bai ɓata lokaci ba ya fitar da faifan waƙoƙin yabon Ubangiji a 1959.

Suna ya zo masa tare da jaraba. Yawan tafiye-tafiyen wasa ya jefa shi cikin ƙwayoyin hana barci. A 1965 aka kama shi a El Paso da ɗaruruwan ƙwayoyi, aurensa na farko kuma ya mutu. Mawaƙiya June Carter, wadda ya aura a 1968, da iyayenta ne suka tsaya masa har ya koma ga addininsa na Kirista. Ya sha komawa ruwa daga baya, bai kuma ɓoye wa masoyansa hakan ba.

Wanda ya san faɗuwa ba ya raina wanda ya faɗi. Tun a 1964 ya fitar da faifan Bitter Tears kan zaluncin da aka yi wa ƙabilun asali na Amurka. Da gidajen rediyo da dama suka ƙi sa waƙarsa, sai ya sayi shafi guda a mujallar Billboard ya caccake su. A 1972 ya bayyana gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka yana neman a gyara yadda ake tsare fursunoni. Baƙaƙen tufafin da aka san shi da su ma alama ce ta juyayin talakawa da ɗaurarru.

Addininsa bai tsaya a baki ba. Ya zuba kuɗinsa ya shirya fim kan rayuwar Yesu Almasihu, wanda ya fito a 1973, ya rubuta littafi kan Manzo Bulus a 1986, ya kuma sha rera waƙa a tarukan wa'azin Billy Graham.

Columbia ta sallame shi a 1986, amma faifan da ya yi da Rick Rubin a 1994 ya jawo masa matasan da ba a haifa ba lokacin Folsom. Ya rasu a Nashville ranar 12 ga Satumban 2003, yana da shekara 71, wata huɗu bayan rasuwar June.